Jaraba Da Jarrabawa: Tsohuwar Gardamar Da Ta Iso Bogo A Kaset

Ranar Alhamis kasuwar Bogo take ci, kuma wanda ya tashi a garin ya san ba shanu kaɗai ake kasawa a ranar ba. A bakin kara, inda masu kaset suke baza kayansu a wancan zamani, nan na fara jin gardamar da zan ba da tarihinta. Shekaruna ba su fi 12 ba. Mai kaset ya ƙure rikoda, wani mai wa'azi daga Najeriya yana ta zuba Hausa, yana cewa a littafin Kirista, wuri guda an ce Allah ne ya zuga Dawuda ya ƙirga jama'arsa, wani wurin kuma an ce Shaiɗan ne. Sai ya dakata, ya tambayi masu sauraronsa: to, wanne za a ɗauka? Aka fashe da dariya, da mutanen cikin kaset da na bakin kara. A cikinmu akwai wani malamin lakwal ɗan ƙabilar Tupuri, Kirista, ya zo sayen maraƙi. Dillalin da ke tare da shi ya zungure shi da gwiwar hannu, ya ce, "Malam, ka ji fa." Malamin ya ce, "Na ji, Alhaji. Wannan tambayar ta girmi kakannin kakanninmu." Ya ja maraƙinsa ya tafi. A lokacin na ɗauka gudu ya yi.

Bayan shekaru masu yawa, ina gabatar da shirin dare na kiran waya a Garwa, tambayar ta dawo mini ta wata ƙofa. Wata dattijuwa ce ta kira. Hausarta ta mutanen Gwoza ce, kuma ta ce Boko Haram ne suka koro su, ta zauna a sansanin Minawao kafin 'yarta ta ɗauko ta zuwa Garwa. Ta ce, "Ɗana, ku da kuke da ilimi. Wani mai wa'azi ya ce mana abin da ya same mu hukuncin Allah ne saboda zunubanmu. Wani ya ce Allah ba ya jarabtar kowa, aikin Shaiɗan ne. Dukansu littafi ɗaya suka buɗe. Wanne ne?" Na ce, "Mama, ki ba ni lokaci." Gaskiyar magana ban da abin faɗa. Tambayar mai kaset ce sak, sai dai babu mai dariya a wannan karon.

Ni Musulmi ne, ya kamata mai karatu ya san haka tun yanzu. Mu a wurinmu Annabi Dawuda (AS) Annabi ne, kuma akwai abubuwan da littafin Kirista ya jingina masa waɗanda aƙidarmu ba ta karɓa ba. Inda na ce "Dawuda ya yi kaza", labarin littafinsu nake bayarwa. Abin da na bi diddigi shi ne yadda su Kiristocin suka yi ta fama da wannan tambaya tsawon ƙarnoni, da yadda famar ta iso ƙasarmu.

Wuraren da ake cewa sun yi karo da juna sanannu ne. A wasiƙar Yakubu, sura ta 1, an hana wanda ya shiga jaraba ɗora wa Allah laifi, domin Allah ba ya jarabtar kowa. Amma littafin Farawa, sura ta 22, ya buɗe da cewa Allah ya jarraba Ibrahim da yanka ɗansa. Sannan a addu'ar da Kirista ke kira Addu'ar Ubangiji, wadda ke cikin Matiyu sura ta 6 da Luka sura ta 11, mai addu'a yana roƙon Allah kada ya kai shi ga jaraba, kuma ba a roƙon wani ya bar abin da ba ya yi. Wanda ya fi zafi shi ne na ƙidaya. Littafin Sama'ila na biyu, sura ta 24, ya ce fushin Allah ya ƙuna a kan Isra'ila, sai ya zuga Dawuda ya ƙirga su. Littafin Tarihi na ɗaya, sura ta 21, ya ba da labarin nan dai, amma mai zugar a can Shaiɗan ne. A duka biyun sarkin yaƙi Yowab ya ja hankalin sarki, sarki ya ƙi ji, aka yi ƙidaya, sai annabi Gad ya zo da zaɓi uku: yunwa, ko takobin abokan gaba, ko annoba. Annoba ta sauka, mutum 70,000 suka mutu.

Mu mutanen arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan tsoron ƙidaya. Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma tun zamanin jangali da haraji kakanninmu suka san cewa mai ƙirga kai akwai abin da yake nema a bayan ƙirgar. Sarkin da ya ƙirga mazan da za su iya riƙe takobi, yaƙi ko aikin tilas yake shiryawa. Marubucin tarihin Yahudawa, Yosifus, wanda ya kammala babban littafinsa wajen shekara ta 93 Miladiyya, ya ce laifin Dawuda shi ne ya manta da dokar Musa da ta ce kowane mutum da aka ƙirga sai ya biya rabin shekel na fansa, dokar da ke cikin Fitowa sura ta 30. Wannan ya bayyana laifin. Bai amsa tambayar wa ya yi zugar ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki da na shiga bincike shi ne, wanda ya fara ƙoƙarin sasanta maganar yana cikin littafin kansa. Masana sun yi ittifaƙi cewa littafin Tarihi ya zo bayan na Sama'ila da zamani mai tsawo. An rubuta shi bayan Yahudawa sun dawo daga bautar Babila, wadda ta biyo bayan rushe Urushalima wajen shekara ta 587 kafin Miladiyya. Marubucin Tarihi yana da littafin Sama'ila a gabansa, yana kwafar wasu wurare kusan kalma da kalma. Ke nan da gangan ya sauya, yana sane da abin da na farko ya ce, kuma yana sane da cewa masu karatunsa sun san shi. Tafsiri ya yi. A zamaninsa an riga an san labarin Ayuba, inda mai sāran bayi yake zuwa ya nemi izini kafin ya taɓa bawan Allah, ana kuma gindaya masa iyakar da ba zai wuce ba. Da wannan ido ya karanta labarin ƙidaya.

Akwai ƙarin wani abu a kalmar kanta. A Ibrananci, satan asalinta abokin hamayya ko mai tare hanya. A littafin Ƙidaya sura ta 22, mala'ikan Allah da ya tare wa Bal'amu hanya da wannan kalma aka siffanta shi. A littafin Sarakuna na ɗaya, sura ta 11, wasu mutane biyu da suka tayar wa Sulemanu da hankali, Hadad da Rezon, su ma haka aka kira su. Shi ya sa wasu masana, irin su Sara Japhet ta jami'ar Ibrananci a Urushalima, suke ganin mai zugar Dawuda a littafin Tarihi yana iya zama mutum ne kawai, wani abokin gaba ko mugun mashawarci. Yawancin masu fassara dai Shaiɗan suka rubuta.

Irin wannan gyaran fahimta an yi wa labarin Ibrahim ma. Akwai wani littafin Yahudawa da ake kira Yubili, na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, wanda ya sake ba da labarin Farawa. A cikinsa wani shugaban miyagun ruhohi mai suna Mastema ne ya kawo shawarar a gwada Ibrahim da ɗansa. Wannan littafi ya ɓace a yawancin duniya, amma a Habasha aka adana shi cikakke da harshen Gi'iz, kuma Cocin Habasha har yau tana lissafa shi cikin littattafanta masu tsarki.

Daga nan gardamar ta shiga hannun Kirista, kuma ta shiga da zafi. Wani attajirin jiragen ruwa mai suna Markiyon, daga Sinope a gaɓar Baƙin Teku, ya iso Rum, ya ce babu wani sasanci da zai yiwu. A ganinsa Allahn da ya zuga Dawuda, ya saukar da annoba, daban yake da Uban da Yesu ya yi wa'azinsa. Ya rubuta littafi yana jera ayoyin Tsohon Alkawari da na Sabo kafaɗa da kafaɗa don a ga saɓaninsu, ya zubar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Luka da ya taƙaita da wasiƙun Bulus guda 10. Cocin Rum ta kore shi a shekara ta 144. Duk wanda ya ji kaset ɗin Bogo zai gane salon, jera aya kusa da aya a tambaya wanne ne, kuma wani mai kiran kansa Kirista ya riga kowa amfani da shi.

Waɗanda suka fi ba shi amsa 'yan Afirka ne. Tartuliyan na Kartaj, kusa da Tunis ta yau, ya rubuta littafi kashi 5 a kan Markiyon, kuma a ɗan littafinsa na addu'a, wajen shekara ta 200, ya ce ma'anar roƙon nan ita ce kada Allah ya bari mai jarabta ya ja mu, domin Allah ba ya buƙatar gwaji kafin ya san imanin mutum. Game da Ibrahim ya ce an umarce shi ne don a bayyana imaninsa ga duniya. Bishop ɗin Kartaj, Kifriyanus, wanda aka fille wa kai a shekara ta 258, ya wuce nan: a nassin addu'ar da yake koyarwa ma an riga an saka "bari" a ciki. Mutanen Afirka ta Arewa sun daɗe suna addu'ar da kalmomin da Faransa ba ta komo gare su ba sai a zamaninmu, kamar yadda za mu gani.

Sai Agustin, bishop ɗin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430. Shi ne ya tsara rabon da Kirista suka riƙe har yau. Ya ce gwaji iri biyu ne: akwai na yaudara, wanda manufarsa a kā da mutum, akwai na tabbatarwa, wanda manufarsa a fito da abin da ke cikin mutum. Na farko Allah ba ya yi, na biyu yana yi. Yakubu yana magana a kan na farko, Farawa a kan na biyu.

A nan ne na ajiye littafi na yi dariya ni kaɗai, domin abin da ya ɗauki Agustin shafuka, Bahaushe yana da shi a bakinsa. Muna cewa wane yana da jarabar goro, ko jarabar caca, har mu kira shi jarababbe. Muna kuma cewa ɗana zai zauna jarrabawar bak a watan Yuni. Idan gobara ta cinye rumbun mutum, masu jaje suna cewa jarrabawa ce, Allah ya ba da ikon cinye ta. Babu Bahaushen da zai je jaje ya ce wa mai gida jaraba ce ta same ka, sai dai in faɗa yake nema. Kalmomin biyu daga saiwa ɗaya ta Larabci suka fito, wadda ta ba da tajriba, amma Hausa ta raba musu gado: ɗaya ta tafi wajen sha'awa da kwaɗayi, ɗaya ta tafi wajen awo da gwaji. A rubuce mutane kan cakuɗa su, har ka ga an rubuta ta makaranta da "r" guda, amma kunne ba ya ruɗewa.

Helenancin da aka rubuta Sabon Alkawari da shi bai yi wannan rabo ba. Kalma ɗaya ce, peirasmos, take ɗauke da kayan biyu. Hujja mafi ƙarfi tana cikin surar Yakubu ɗin da ake kafa hujja da ita. A farkon surar ya ce masu bi su yi murna in sun gamu da peirasmos iri iri, domin yana haifar da jimiri. 'Yan ayoyi kaɗan a gaba, da wannan saiwa dai, ya ce Allah ba ya yi wa kowa. Sai ya bayyana nufinsa: sha'awar mutum ce take jansa, take ruɗinsa, kuma kalmomin da ya zaɓa na mafarauta da masunta ne. Duk wanda ya ga masuntan Maga suna soka tana a bakin ƙugiya ya ga hoton. Marubucin da ya yi amfani da kalma ɗaya ta fuska biyu a shafi ɗaya ya san abin da yake yi. A wannan gaɓa, a ganina, masu sasantawa sun yi nasara, kuma mai kaset da ya tsaya a nan da bai sami abin dariya ba.

Wahalar ta koma kan masu fassara, domin duk harshen da ya raba kalmar biyu sai ya tilasta wa mai fassara ya zaɓa. Wanda ya fara sa littafin Kirista cikin Hausa shi ne James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS ta Ingila. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Babban malaminsa wani yaro ne, Dorugu, daga yankin Damagaram, wanda ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Matiyu ya fito a 1857, Sabon Alkawari a 1880. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, bayan aikin shekaru na Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka kuma sake fassara shi a ƙarshen shekarun 1970. A Addu'ar Ubangiji kalmar jaraba ce ta zauna a bakin Kirista masu jin Hausa, irin su dattijuwar Gwoza. Wannan zaɓi ya sa roƙon ya fi nauyi a kunnen Bahaushe fiye da yadda yake a kunnen Baheleni, domin jaraba a Hausa ba ta da kyakkyawar fuska ko kaɗan. Fassarar Larabci ta Van Dyck, ta 1865, tajriba ta yi amfani da ita, wadda ta bar ƙofofin biyu a buɗe.

Arewacin Kamaru ya sami mishan a makare. A farkon shekarun 1920 Lutherawan Amurka suka fara aiki a Lere ta Cadi da Yagwa, kuma daga cikin aikinsu cocin da ke da hedikwata a Garwa ta fito. Mutanen Norwe suka sauka Ngaundere a 1925. Fadan Katolika na ƙungiyar Oblat suka iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop ɗin Garwa na farko. Yawancin waɗanda suka karɓi addinin Tupuri ne, da Mundang, da Masa, da Giziga, da mutanen duwatsun Mandara. Garuruwan lamidai irin su Bogo suka zauna a Musuluncinsu, Kiristocinsu kuwa ma'aikata ne da malaman lakwal da baƙi.

Lutherawan nan sun zo da ƙaramin littafin tambaya da amsa da Martin Luther ya rubuta a 1529, wanda ake haddace wa masu shirin baftisma. Da ya zo bayanin roƙo na shida, Luther ya fara ne da maganar Yakubu, cewa Allah ba ya jarabtar kowa, sannan ya ce abin da ake roƙo shi ne tsari daga ruɗin Iblis da duniya da son zuciya. Malamin lakwal na bakin kara, in a irin wannan coci ya tashi, to amsar tana kansa tun yana yaro. Bai ga amfanin faɗarta a tsakiyar masu dariya ba ne kawai. A matsayina na ɗan rediyo ba zan wuce ban ambaci Sawtu Linjiila ba, ɗakin shirye-shiryen Fulatanci da aka buɗe a Ngaundere a 1966, wanda ake watsa shirye-shiryensa ta tashar Lutherawa da ke Adis Ababa har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta a 1977. Ita ma Muryar Bishara ta Jos ta wannan tasha take fita da Hausa. Cikakken littafin da Fulatanci ya fito a 1983.

Amma harshen da aka fi yin rigimar kalmar a cikinsa a zamaninmu shi ne Faransanci, kuma rigimar ta shafe mu tunda da shi ake addu'a a cocin birni. Kafin 1966 Katolika masu Faransanci suna roƙon kada Allah ya bar su su fāɗi a jaraba. A 1966 aka yi fassarar haɗin gwiwa da Furotesta da Otodoks, aka kawo aikatau soumettre, wanda ke nufin a sa mutum ƙarƙashin abu. Nan take aka fara ƙorafi cewa an mai da Allah mai tura bayinsa cikin rami. Wani fada masanin rubuce-rubucen Kumran, Jean Carmignac, ya rubuta babban kundi a 1969 yana cewa a harsunan Yahudawa, in aka kore aikatau mai sa wani ya yi abu, korewar tana iya faɗawa kan sakamakon. Da Hausa, bambancin "kada ka shigar da ni" ne da "ka sa kada in shiga". An ɗauki kusan shekara 50 kafin a saurare su. Fadar Vatikan ta amince da sabuwar fassara a 2013, Benin da Beljiyam suka fara amfani da ita a watan Yunin 2017, Faransa kuma ranar 3 ga Disamba na shekarar. Yanzu roƙon shi ne kada Allah ya bar su su shiga jaraba, kusan abin da mutanen Kartaj suke faɗa shekara 1,700 da suka wuce. A farkon Disamban 2017 ne Fafaroma Francis ya ce a wata hira ta talabijin uba ba ya tura ɗansa ya fāɗi. Italiya ta sauya tata a 2020. Bishop-bishop na Jamus kuwa suka ce ba za su taɓa tasu ba, domin Helenancin "kai" ya ce, kuma aikin mai fassara ne ya bar wuyar inda ya same ta, mai wa'azi ya yi bayani. Ina ganin Jamusawan suna da hujja.

To ta ina tambayar ta bi ta iso bakin karar Bogo? Ta Indiya. A 1854 aka yi muhawara a Agra tsakanin ɗan mishan Karl Pfander da Shaihu Rahmatullahi Kairanawi. Bayan shekara 10, a Istanbul, Shaihun ya rubuta Izharul Haƙƙi, inda ya jera wuraren saɓani a littafin Kirista, yana dogaro sosai da binciken da masanan Turai suka yi wa littafinsu da kansu. Wannan littafi ne Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya ce ya tsinta yana yaron kanti, ya sauya masa rayuwa. Ƙananan littattafan Deedat da bidiyon muhawararsa da Jimmy Swaggart ta 1986 suka cika Kano da Kaduna, masu wa'azi suka mai da hujjojin Hausa, 'yan kasuwa suka ɗauko kaset ta Mubi da Banki. Abin da ya ɓace a hanya shi ne amsoshin. Tambaya tana shiga kaset cikin minti ɗaya, amsar kuwa tana buƙatar Ibrananci da Helenanci da haƙuri.

Ya kamata mu Musulmi mu fi kowa gane wannan aiki na sasanta nassi, domin muna da irinsa. Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 276 bayan Hijira, ya rubuta littafi guda a kan hadisan da a zahiri suke kamar sun saɓa wa juna. Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi na Muritaniya ya rubuta wani don kawar da zaton karo tsakanin ayoyin Alƙur'ani. Ƙa'idar malamanmu ita ce a nemi haɗa nassi biyu kafin a yi maganar rinjayar da ɗaya. Wanda ya yarda da wannan ƙa'ida a gidansa, adalci ne ya saurari maƙwabcinsa in ya yi amfani da ita, ko da a ƙarshe bai gamsu ba.

Ni kaina ban gamsu da komai ba. Labarin ƙidaya bai warware da rabon jaraba da jarrabawa ba, domin kalmar da ke can zuga ce, ba gwaji ba. Akwai kuma bambancin lissafi: Sama'ila ya ba Isra'ila mayaƙa 800,000 da Yahuza 500,000, Tarihi ya ce 1,100,000 da 470,000. Shekarun yunwa 7 ne a Ibranancin Sama'ila, 3 a Tarihi, kuma tsohuwar fassarar Helenanci ta Sama'ila 3 ta ce. Masanan Kirista da yawa sun yarda cewa a irin waɗannan lambobi akwai kuskuren masu kwafa, wasu kuma suna neman bayani a wa aka ƙirga wa aka bari. Game da zugar, amsar da aka fi bayarwa ita ce ta izini, wadda John Calvin ya tsara a babban littafinsa na 1559 da misalin Ayuba: aiki ɗaya, amma Allah da Shaiɗan da 'yan fashin da suka kore raƙuman Ayuba kowa da manufarsa, kuma kowa ana yi masa hisabi a kan manufarsa. Wani fasto a Garwa ya kawo mini misalin gida, ya ce muna cewa Lamido ya kama ɓarawo alhali dogari ne ya kama. Na ce masa misalin yana ɗingishi, domin dogari biyayya yake yi, Shaiɗan kuwa tawaye. Ya yi murmushi ya ce ku ma ai kun sha wannan gardama a babin ƙaddara. Ban musa masa ba.

Abin da babu wanda ya iya share shi, tun daga marubucin Tarihi har zuwa Calvin, shi ne gawa 70,000. Sarki ya yi laifi, talakawa suka mutu. Littafin bai ɓoye wannan ba. A duka ruwayoyin biyu Dawuda da kansa ya ɗaga murya, ya ce shi ne mai laifi, ya kira mutanen tumaki, ya tambayi abin da suka yi. Ba a ba shi amsa da baki ba. An umarce shi ya gina bagade a masussukar wani mutum, ya saye ta ya gina, annoba ta tsaya.

Ga mai wa'azin da ya ce wa mutanen Gwoza zunubinsu ne ya jawo musu, littafin da ke hannunsa yana da wuraren da suka ja masa kunne. Abokan Ayuba irin wannan wa'azi suka yi masa, kuma a sura ta ƙarshe su aka tsawata wa. A Luka sura ta 13 an kawo wa Yesu labarin mutanen da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima zunubi ba. A Yahaya sura ta 9, da aka tambaye shi laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba.

Bayan mako uku dattijuwar ta sake kira. Na taƙaita mata abin da na samo gwargwadon abin da shirin dare zai ɗauka: kalmar Helenanci, Agustin, hasumiyar Siluwam, har da ƙidayar Dawuda da mutanen da annoba ta kwashe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Su dubu saba'in ɗin nan, an rubuta sunan ko mutum ɗaya?" Na ce, "A'a, Mama, ba a rubuta ba." Ta ce nata uku ne, mijinta da 'ya'yanta maza biyu, kuma tana so ta faɗi sunayensu a rediyo. Mai kula da na'ura ya nuna mini agogo, saura daƙiƙa 40 a shiga labarai. Na ce ta faɗa.